Ranar da Aka Bar Ni a Gaɓa

Shekaranjiya masu gyaran hanya suka zo unguwarmu ta Banifandu nan Yamai suna dafa kwalta cikin rabin tano, warin ya biyo iska ya same ni bisa keken ɗinki. Ƙafata ta tsaya da kanta. Matar da ke jiran kayanta ta ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce lafiya lau, zare ne ya sarƙe. Ƙarya nake yi, Allah ya yafe mini, zare bai sarƙe ba. Warin nan ne ya ɗauke ni ya kai ni Gudel, bakin gulbi, inda Kaka ke kife jirginsa yana toshe tsagoginsa da tsumma da kwalta, ni da ƙanwata muna tsugune muna riƙe masa gwangwani. Ƙanwar tawa ita ce dalilin wannan magana. Shekararta shida ranar da ta shiga jirgin nan aka bar ni a gaɓa, kuma ga shi furfura ta cika mini kai ban daina juya abin a raina ba.

Gidanmu yana bayan garake ne, inda masu lambu ke shuka salati da kabeji. In ka fito ƙofa ba ka yin taku ɗari sai ƙafarka ta taɓa laka. Kaka, mahaifin Baba, masunci ne da ya biyo gulbi ya hauro tun yana saurayi, ya zauna cikin Zabarmawa har harshensa ya rabu biyu, ya yi ciniki da Zabarmanci, in ransa ya ɓaci ya yi faɗa da Hausa. Lokacin da na yi wayo yanar ido ta riga ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai inuwa, filafilin tuƙi ya koma hannun Baba. Kifi kuwa ya ja baya. Shi ya sa ran Lahadi Baba kan wanke jirgi, ya shimfiɗa tabarma a ciki, ya ɗauki masu shan iska, Turawa da ma'aikata da matansu, ya kai su su hango dorina, su sauka tsibiri su ci abin da suka ƙunso, ya maido su kafin la'asar.

Kaka ya bar shiga ruwa, amma jirgin nasa ne, doka ma tasa ce. Yana zaune gindin mangwaro da komar kamun kifi bisa cinya yana ɗinke ta da lalube, kunnensa kuwa yana gulbi. Duk mai shiga sai ya tuɓe takalmi, namiji kuma ya tuɓe babbar riga ya naɗe ta, don in ta sha ruwa ta fi mai ita nauyi. In an zauna an zauna ke nan, ko kunama ce ta hau ka ba ka miƙewa. Mai hawa ya raɓi gaɓa ya bar wa mai gangara tsakiya, tunda mai gangara ruwa ne ke tuƙa shi, ba shi da birki. In an kusa makwancin dorina sai a riƙa buga filafili a gefen jirgi ta ji sallama, don ba ta son a faɗo mata ba zato. Duk wannan mun haddace shi tun ba mu iya ɗaura zane ba.

Babbar doka kuwa ƙusa ce. A gefen jirgin ta waje Kaka ya kafa wata ƙusar tagulla mai faɗin kai, tafin hannu ɗaya ƙasa da bakin jirgi. In mutane sun gama zama sai a duba ta. Muddin ruwa ya taɓa ta wani zai sauka, ko ɗan wane ne. Na ga ranar da aka sauke wani babban ma'aikaci mai tumbi, ya yi ta zuba Faransanci yana kumfar baki, Kaka ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya ce a gaya masa gulbi bai yi lakwal ba, bai san boko ba. Duban ƙusar nan aikina ne tun ina shekara takwas, saboda ni ce mai kutsawa ruwa har gwiwa ba na jin komai. In na duba sai in ɗaga murya in ce, "Ta bushe!" ko in ce, "Ta sha!" Kai, ina ji da kaina a wannan aiki, har wani ɗaga hanci nake wa 'yan unguwa.

Ni na iya iyo tun ina ƙarama, ba wanda ya koya mini ma. Ƙanwata ba ta iya ba. Yarinya ce mai sanyin rai, mai wushirya, ba ta son ruwa ya wuce mata idon sawu. Aikinta tsintar bawon katantanwa tana tarawa cikin gwangwanin tumatir, sai kuma bina duk inda na sa ƙafa, tana riƙe da gefen zanena. Sau nawa na fizge zanen na ce ta rabu da ni, ita ba jela ba! Kaka ya ce kada a matsa mata, a bari sai ruwa ya ja da bazara a koya mata a inda bai kai ƙugu ba.

Da sanyi abin ya faru, lokacin baƙin ruwa. Mutanen tudu suna zaton gulbi da damina kaɗai yake cika. Da damina jan ruwa ne ke zuwa, mai laka da hayaniya, kowa ya gan shi ya san ya kiyaye. Baƙin ruwa sai damina ta wuce da watanni yake isowa daga can sama, shiru, sumul, ga sanyi mai shiga ƙashi, ƙarfinsa duk a ƙasa yake. A cikin wannan ruwa Inna ta haifi ƙanenmu. Aka yi suna, mahaifinta ya zo daga ƙauyensu can gabas, shi da ƙannenta maza biyu da wani amininsa, ƙaton mutum mai dariya. Tsohon bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinsu ba.

Bari in gaya muku yadda Baba yake da surukinsa, don ku na yanzu da kuke shan shayi kofi ɗaya da uban matarku ba lalle ku gane ba. Baba bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. In ya hango shi tun daga nesa zai zare takalmi ya durƙusa, gaisuwar ma ƙasa yake yi wa. Kwanakin da tsohon ya yi a gidanmu, Baba a bakin gulbi yake cin tuwonsa. Mutane suna yaba masa, ana cewa Inna ta yi dacen miji mai kunya, ni ma in na ji sai kaina ya yi girma.

Washegarin suna da hantsi tsohon ya ce yana so a shiga da shi ruwan nan da ake faɗi, ya ga dorina da idonsa, ya samu abin ba da labari in ya koma gida. Baba ya ce to, kansa a sunkuye. Muka gangara gaba ɗaya, Inna kaɗai aka bari a ɗaki da jariri. Tsohon ya sha shuɗiyar babbar rigarsa ta suna, ga rawani, ga takalmi, haka ya taka cikin jirgi da kayansa duka. Na dubi Baba, Baba ya dubi filafilinsa. Da sauran suka ga tsoho bai tuɓe ba, su ma suka shiga yadda suke. Wasu baƙin suna biyu suka ce ai ba za a bar su a baya ba, suka matsa aka ba su wuri. Tsohon ya ɗauki ƙanwata ya ɗora bisa cinya yana tsokanarta irin wasan kaka da jika, "Zo nan amaryata, yau ke za ki nuna mini garinku." Ita kuwa sai murmushi take, tana ɓoye fuska cikin rigarsa.

Na kutsa ruwa, sanyi ya kama mini ƙafa, na sunkuya. Ƙusar ba a ganinta ma. Sai da na sa hannu na lalubo ta, yatsa biyu ƙarƙashin ruwa. Na ɗaga murya yadda na saba na ce, "Ta sha!" Ɗaya daga kawunnaina ya yi dariya ya ce, "Wa ta sha? Me ta sha?" 

Har gobe ina ganin fuskar Baba a wannan lokaci. Ya dubi ƙeyar surukinsa, ya dubi aminin nan da shi kaɗai ya yi mutum biyu, ya dubi ƙannen matarsa da suka yini a mota don sunan ɗansa. A cikin jirgin nan kaf babu wanda bakinsa zai iya ce wa sauka. Sai ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ke, je ki zauna wajen Kaka. Ke ce babba."

Na ce, "Baba, ai ni ban ma shiga ba."

Gaskiyata ce. Ina tsaye cikin ruwa na duba ƙusar, ba nauyina ya nutsar da ita ba, kuma Baba ya fi ni sanin haka. Doka ta ce wani ya sauka, shi ke nan ya samu wanda zai saukar ba tare da ya ji nauyin kowa ba. Ya daka mini tsawa, abin da bai saba ba, "Na ce ki hau tudu!" Ya kafa gora ya tura. Ƙanwata ta leƙo ta ƙarƙashin hannun tsohon ta ɗaga mini hannu, karo na farko ke nan a rayuwarta da ta samu abin da ban samu ba. Ni kuwa don baƙin ciki na murguɗa mata baki na juya mata baya. Wannan ce sallamar da na yi da ita, wallahi, murguɗa baki.

Na iso gindin mangwaro ina kuka. Kaka ya ce, "Na ji kin ce ta sha. Wa ya sauka?" Na ce ni. Ya ce, "Ke da wa?" Na ce ni kaɗai. Ya ajiye komar. Ya karkata kai yana sauraren bugun filafili, ya ce jirgin nan ya yi nauyi, ji yadda yake ja. Ya miƙe ya dafa kafaɗata, muka gangara har ruwa ya taɓa masa ƙafa. Ya cika ƙirji da iska zai ƙwala kira, na ji hannunsa ya matse ni, sai kuma ya saki numfashin a hankali. Lokacin ban gane ba, sai daga baya. Ya kira ɗansa ya juyo ya zubar da baƙi a gaban mahaifin surukarsa, a koma ƙauye a ce mutanen gulbi sun wulaƙanta su washegarin suna? Shi ma abin da ya kama Baba ne ya kama shi. Ya ce, "Allah ya kai su lafiya. Share hawayenki ki zame mini ido, ki riƙa gaya mini abin da kike gani."

Na riƙa gaya masa. Sun raɓi gaɓa sun haura. Sun wuce wurin masu wanki. Sun karkata sun nufi tsibiri, ga shi Baba yana buga gefen jirgi. Jirgin kamar an danna shi da hannu, mutanen ake gani zaune bisa ruwa, katakon da ƙyar ake hango shi. Suna tsakiya Kaka ya ɗaga kai, shi ya riga ni jin ƙarar. Wani farin jirgi ne mai moter, irin wanda 'ya'yan manya ke wasa da shi ranar hutu, ya gangaro a guje. Kowa a gulbin nan ya san mai moter in ya ga mai filafili sai ya sassauta har ya wuce. Wannan bai sassauta ba. Bai taɓa su ba, bai ma kusance su sosai ba, har ɗaga musu hannu na ciki suka yi, suka wuce suka bar igiyar ruwa tana tafe.

Baba ya yi abin da ya kamata, ya juya hancin jirgi ya fuskanci igiyar. Ta farko ta ɗaga su ta ajiye. Da jirgin yana yadda Kaka ke so, da ta biyun ma haka za ta yi, a yi salati a yi dariya. Amma babu sauran baki a sama, sai ta haura ta zuba ciki, ruwan sanyi ya bugi mutanen da ba su san ruwa ba. Na ce, "Kaka, tsoho ya miƙe tsaye, yana rungume da ita." Kaka ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Bai rufe baki ba jirgin ya kife.

Na yi kururuwar da har yau ban san daga ina ta fito ba. Masunta da masu lambu suka tura jirage kamar an kaɗa su. Waɗanda Allah ya ba su sa'a suka kama gefen jirgin an tsamo su ɗaya bayan ɗaya. Tsohon kuwa rigarsa ta buɗe bisa ruwa, ta cika, ta ja shi ƙasa. Baba ya hango shuɗin, ya nutsa ya cafko shi, ya yage rigar, ya jawo shi ya ɗora hannunsa bisa katako. Yana zaton yarinyar tana ƙirjin kakanta inda ya gan ta. Da ya duba hannun tsohon babu kowa. Ya koma ƙasa, ya fito, ya koma, har jini ya ɓalle masa ta hanci, sai da maza uku suka danne shi cikin wani jirgi. Ni ina gaɓa ina kiran sunanta, Kaka yana riƙe da wuyan rigata don kada in faɗa. Washegari da safe masunta suka same ta can ƙasa da gadar Yamai, ciyawar burgu ta tare ta.

Tabarmin da aka shimfiɗa don suna ba a naɗe su ba, a kansu aka yi zaman makoki. Duk wanda ya shigo sai ya ce ƙaddara ce, kwana ya ƙare, ruwa ba ya cin wanda ba nasa ba. Na yarda da ƙaddara, ni Musulma ce. Amma kwana bakwai ina zaune bakin ƙofa ina jira wani ya ambaci ƙusa, ko riga, ko farin jirgin nan da ba a sake ganinsa ba, ba wanda ya yi. Ranar da tsohon zai koma, Baba ne ya ɗauki jakarsa har tasha, ya zare takalmi ya durƙusa ya yi masa Allah ya kiyaye hanya. Ina kallo, raina ya yi baƙi ƙirin. Tsohon bai ƙara taka Yamai ba har ya rasu. Inna kuwa wa za ta tuhuma, ubanta ko mijinta? Ta haɗiye abinta, nononta ya ƙafe, da kunu aka raini ƙanenmu. Baba bai sake ɗaukar mai shan iska ba. Ya koma ban ruwa a garkar wani, yana ɗibar gulbin nan da bokiti safe da yamma, ba ya ɗaga kai ya dube shi.

Kaka kaɗai ya taɓa yi mini maganar, sau ɗaya, bayan watanni. Ina yanke masa farce ya ce, "Ranar nan ke kaɗai kika buɗe baki. Ni da ubanki muka bar ki ke kaɗai." Yana nufin ya sanyaya mini rai ne, amma bai sanyaya ba. Na buɗe baki, e, sau ɗaya. Da aka daka mini tsawa sai na koma kukan wurin zamana da aka hana ni. Da na riƙe gefen jirgin na ƙi saki, da na yi birgima cikin laka na tara mutane, da na fizgo ta daga cinyar tsohon, iyaka a ce ba ni da tarbiyya a zane ni. An bar wadda ta iya iyo a tudu an tafi da wadda ba ta iya ba, ina tsaye ina gani, abin da ya dame ni kawai shi ne ba a je da ni ba. Wannan shi ke cina, kuma ba malamin da ya iya cire mini shi.

Da na yi aure na ce wa maigidana ko ina ne a Yamai na yarda, ban da inda zan ji ƙarar ruwa. Yanzu bakin gulbi ya canja. Jiragen shan iska sun samu rumfa da kujeru da kiɗa, kowanne da moter, ga jile masu ruwan lemo an tanada, rigar nan da ke hana mutum nutsewa, abin da Kaka bai taɓa mafarkinsa ba. Sanyin da ya wuce mijin 'yata ya ɗauki ɗaya ran Lahadi don Alhaji mahaifinsa ya zo gari, aka matsa mini sai da na je. Na tarar an jibge jilen ana zama a kansu, ba mai son sawa bisa shadda don kada hoto ya ɓaci. Mutane suna ta shiga, ɗan wane da ƙanwar wane, kowa da kular abinci. Na ga mai jirgin, magidanci da shi, ya leƙa gefen jirginsa, ya dubi Alhajin, ya sunkuyar da kai. Wannan sunkuyon na san shi.

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Na miƙe tun muna gaɓa na ce jirgin nan ya cika, a rage mutane, kuma kowa ya sa jile. Kiɗa ya tsaya. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, ai Allah ke tsarewa." Na ce, "Shi ke tsarewa, Alhaji, kuma shi ya ba mu ido." 'Yata ta mintsine ni tana raɗa, "Mama, don girman Allah, gaban surukaina ne fa." Ba wanda ya sauka, ba wanda ya sa komai. Sai na kama hannun jikata, 'yarta ƙarama, na ja ta muka fita. Ta yi ihu, ta yi tirjiya, ta dake ni da ɗan hannunta, ta ce ba za ta ƙara zuwa gidana ba har abada. Na ce na ji. Muka zauna bisa yashi, na riƙe ta gam, tana kuka ina kallon jirgin har ya sha kwana, har barci ya kwashe ta a cinyata.

Sun je sun dawo lafiya lau, da hotunansu da dariyarsu. Tun ranar dangin mijin suke kirana jandarmar gulbi, mijin kuwa gaisuwarsa ta gajarce. 'Yata kuwa ran nan da suka sauka ta zo ta ɗauki yarinyar ba ta dube ni ba, sai da muka kusa mota ta ce, "Mama, kin kunyata ni."

Na ce, "Na kunyata ki, 'yar nan. Yi fushinki, ki yi ta yi har shekara."

Ta wuce gaba da 'yarta saɓe a kafaɗa. Na bi su a baya a hankali, ina kallon ƙafafun yarinyar suna reto, da yashin gaɓa manne a tafinsu.